Zuciya da Huhu: Darasin Bayoloji Domin Masu Shirin Jarrabawa

Kowace shekara, da an shiga watan Afrilu, gidajen masu bi da dama sukan shiga hidimar jarrabawar WAEC da ta NECO. Iyaye suna ta addu'a, 'ya'ya kuma suna raba dare a kan littafi. Ɗaya daga cikin darussan bayoloji da suka fi ba ɗalibai wuya shi ne zagayawar jini da musayar iska a cikin huhu. Dalili kuwa, da yawa sukan haddace sunaye ba tare da sun gane hanyar da jinin yake bi ba. Wanda ya riƙe hanyar, sunayen ba za su ɓace masa ba.

Littafin Farawa sura 2 ya nuna cewa mutum ya zama rayayye ne sa'ad da Allah ya hura masa numfashi, Littafin Firistoci sura 17 kuma ya danganta rai da jini. Saboda haka ɗalibi Kirista da yake nazarin numfashi da jini, aikin hannun Mahaliccinsa yake dubawa.

Ɗakuna huɗu na zuciya

Girman zuciyar mutum kamar na dunƙulen hannunsa ne. Idan babban mutum yana hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato kimanin sau 100,000 a kwana guda, tana tura jini wajen lita 5 ko'ina cikin jiki. Tana da ɗakuna huɗu. Biyu na sama, waɗanda ake kira atiriyam, su ne masu karɓar jini. Biyu na ƙasa, wato bentirikul, su ne masu tura shi waje. Akwai bango a tsakiya wanda ya raba dama da hagu, don kada jini mai iskar oksijin ya gauraya da wanda oksijin ɗinsa ya ragu.

Tsakanin ɗakin sama da na ƙasa akwai bawul, wanda yake aiki kamar ƙyauren da ba ya buɗewa sai ta gefe guda. Na dama yana da leɓe uku, na hagu yana da biyu. Akwai kuma wasu bawul masu siffar jinjirin wata a bakin manyan jijiyoyi biyu da suke fita daga zuciya. Rufewar waɗannan bawul ita ce ƙarar da likita yake ji idan ya ɗora abin sauraro a ƙirji.

Zagaye biyu

Jinin da ya gama aiki a jiki yakan komo ta manyan jijiyoyi biyu da ake kira bena kaba, ya zuba a ɗakin sama na dama. Daga nan ya sauka ɗakin ƙasa na dama, wanda yake tura shi zuwa huhu. A can ya sauke iskar kabon dayoksaid, ya ɗauki oksijin, ya komo ɗakin sama na hagu. Wannan shi ne ƙaramin zagaye. Sai ya sauka ɗakin ƙasa na hagu, a tura shi cikin babbar jijiyar nan ayota zuwa kai da hannuwa da ciki da ƙafafu. Wannan shi ne babban zagaye. Ke nan kafin jini ya kewaye jiki sau ɗaya, sai ya ratsa zuciya sau biyu. Kifi kuwa ɗakuna biyu ne a zuciyarsa, jininsa sau ɗaya yake ratsa ta, kwaɗo kuma yana da ɗakuna uku.

An daɗe kafin a kai ga wannan sani. Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu daga dama zuwa hagu. William Harvey na Ingila ya buga bayanin cikakken zagayen a shekarar 1628. A 1661 kuma Marcello Malpighi na Italiya ya ga siraran jijiyoyin da ake kira kafilari a huhun kwaɗo, waɗanda suke haɗa jijiyoyi masu fita da masu komowa.

Inda ake musayar iska

Idan mutum zai shaƙi iska, tantanin naman da ya raba ƙirji da ciki yakan sauka ƙasa, haƙarƙari ya ɗaga, ƙirji ya yi faɗi, sai iska ta kwararo ciki. Takan bi ta hanci da maƙogwaro, ta rabu gida biyu zuwa huhun dama da na hagu, ta yi ta rarrabuwa kamar rassan itace har ta kai ga 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ake kira albiyolai. Akwai ɗaruruwan miliyoyinsu.

Abubuwa huɗu ne suka sa jakunkunan nan suka dace da aikinsu, kuma ana yawan tambayar su: yawansu ya ba da fili mai faɗi, bangonsu kaurin ƙwayar halitta ɗaya ne tak, suna da laima, kuma kafilari sun kewaye su. Iska kan bazu daga inda ta yi yawa zuwa inda ta yi kaɗan. Don haka oksijin yake ratsawa cikin jini, kabon dayoksaid kuma ya fito. Sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini shi ne mai ɗaukar oksijin, mafi yawan kabon dayoksaid kuwa a cikin ruwan jini yake tafiya da siffar bayikabonet. Iskar da aka shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda aka fitar kimanin kashi 16. Kabon dayoksaid yakan tashi daga kashi 0.04 zuwa kimanin kashi 4.

Inda ake zubar da maki

Na farko, abin da ya bambanta atari da ben shi ne inda jini ya nufa. Atari daga zuciya yake fita, ben zuwa zuciya yake komowa. Shi ya sa atarin huhu yake ɗauke da jini mai ƙarancin oksijin, ben na huhu kuma mai yalwar oksijin. Na biyu, bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri, domin shi yake tura jini har tafin ƙafa. Na uku, a zanen zuciya, gefen hagunta yana hannun damar mai kallo. Kuma tun da da Turanci ake rubuta jarrabawar, sai ɗalibi ya buɗe littafinsa ya koyi rubuta kowane suna daidai, ya yi zane da fensir mai tsini, ya ja layukan suna da rula ba tare da sun gitta juna ba.

Darasin a cikin gida

Amfanin wannan ilimi bai ƙare a zauren jarrabawa ba. A lokacin hunturu, a wurare masu sanyi kamar Jos da Mambila, akan shigo da kaskon gawayi ɗaki a rufe taga. Wasu kuma suna kunna janareto a cikin gida. Duka biyun suna fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda take manne wa himogulobin fiye da oksijin sau 200 ko fiye. Mai barci yakan mutu bai farka ba. Ɗalibin da ya gane haka yana iya ceton iyalinsa.

Haka nan ciwon sikila, wanda yake lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini kamar lauje har su toshe kafilari. Idan miji da mata duka AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu jaririn ya zama SS. Dalilin da ya sa ikilisiyoyi da yawa suke neman gwajin jini kafin ɗaurin aure ke nan.

Iyaye suna iya taimakawa ko da ba su yi zurfi a boko ba. Bayan sujadar iyali ta yamma, sai ɗalibi ya bayyana wa 'yan gida hanyar jini da Hausa, ba tare da duba littafi ba. Inda ya tuntuɓe, nan ne zai koma ya karanta. Wanda ya yi irin wannan shiri ba ya bukatar satar amsa, wadda take zubar da shaidar mai bi.

Tambayoyi domin nazari

1. A bi ɗigon jini daga ƙafa zuwa huhu, har ya komo ƙafa, ana faɗin kowane ɗaki da bawul.
2. Me ya sa numfashi da bugun zuciya suke ƙaruwa idan mutum ya yi gudu?
3. Waɗanne abubuwa huɗu ne suka sa albiyolai suka dace da musayar iska?

Ubangiji ya ba dukan masu rubuta jarrabawa natsuwa da kaifin tunani. Amin.