Darasi: Mu biya ƙwararre ya tsara mana lambu, ko mu tsara da kanmu?

Ni ce ma'ajiyar ƙungiyarmu ta asusu a Runjin Sambo, cikin garin Sakkwato. Zan ba ku labarin wata shawara da ta kusa raba kanmu, domin wata rana za ta iya zuwa gabanku.

Mun samu aron fili a bayan gari, wajen fadamar gulbin Rima. Muna cikin murna sai ga wani saurayi da takardu, ya ce ya karanci tsarin da Turawa ke kira famakalca. Ma'anarsa a tsara wuri yadda ruwa, itace, dabbobi da shuka za su riƙa ciyar da juna: kashin akuya ya zama taki, ganyen zogale ya zama abincin akuya da namu, ruwan sama kuma kada ya gudu a banza. Wasu mutum biyu 'yan Ostireliya, Bill Mollison da David Holmgren, suka sa masa suna a shekarun 1970. Kuɗin da saurayin ya nema ya kai kusan rabin abin da ke cikin akwatinmu.

Wata dattijuwarmu ta ce, "Ke ma'aji, wanga abu ai shi ne kakanninmu ka yi, don me za mu biya?" Tana da gaskiya, amma ba duka ba.

Akwai abin da ba ya buƙatar ko sisi. Manoman Maraɗi tun shekarun 1980 suke barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi, har itatuwa suka dawo. Kowa ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ramukan tassa da ake yi a yankin Tawa, a haƙa da rani a zuba taki su tare ruwa, da fartanya kawai ake yin su. Wannan ilimi yana wurin tsofaffin manoma da malaman gona na gwamnati, tambaya kawai yake so.

Inda magana ta bambanta shi ne ruwa. Idan kika shuka alayyahu a wurin da bai dace ba, asarar 'yan makonni ce, ki sake. Amma idan kuka haƙa rijiya ko kuka buga bohol inda ba ruwa, ko kuka dasa mangwaro inda ruwa ke kwanciya, kuɗin ya tafi, shekaru sun tafi. Mu da muke kusa da Rima ba mu manta ambaliyar 2010 ba, wadda ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Fili a fadama yana da fuska biyu, ta rani da ta damina, wanda ya gan shi a watan Maris kawai bai san shi ba.

To ga abin da muka yi. Muka ce wa saurayin ya dakata. Muka raba kanmu, duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi daga Yuni zuwa Satumba, mata biyu su je su duba: ta ina ruwa ya shigo, ina ya tsaya, kwana nawa ya yi kafin ya tsotse. Sakatariya ta riƙa zanawa a bayan littafin asusu. Muka kuma tambayi maƙwabtan filin zurfin rijiyoyinsu, da ko suna ƙafewa da bazara.

Bayan damina muka kira shi, muka yi masa tambayoyi uku. Ina lambun da ka taɓa tsarawa a ƙasa irin tamu, mu je mu gani? Abin da za ka zana, da kayan da ake samu a kasuwar Sakkwato za a yi shi? Za ka dawo bayan shuka, ko da ka miƙa takarda shi ke nan? Ta farko ce ta kayar da shi, domin duk hotunan da ke wayarsa na wata ƙasa ne mai yawan ruwa. Ban ce macuci ba ne, yaro ne mai zuciyar aiki, amma ba da kuɗin marayu da zawarawa zai koyi sana'a ba.

A ƙarshe mun biya wani, amma don aiki ɗaya tak: ya auna gangaren filin ya nuna mana inda rijiya za ta zauna. Muka rubuta yarjejeniya gaban shaidu, rabi kafin aiki, rabi bayan mun ga ruwa. Kuɗin bai fito daga asusun taimakon gaggawa ba, kuma sai da aka kaɗa ƙuri'a a zaman mako. Sauran tsarin, shingen zogale, wurin tara taki da fangalin albasa, mu muka yi abinmu.

A zamanku na gaba, ku zana filinku a ƙasa da tsinke. Kowace mace ta aza tsakuwa a kan aikin da take ganin in an yi kuskure ba ya gyaruwa, sannan ku ƙirga inda tsakuwa ta fi taruwa.