Samarin Dusuman, Ku Tausaya wa Injin Nan

'Ya'yana, ba zan hana ku buga ƙwallo ko yaƙin bindiga a kwamfuta ba, muddin kun yi sallah kun yi karatu. Abin da ke damuna shi ne yadda nake jin fankar injin tana kuka tun daga zaure, ku kuwa ko a jikinku.

Kuna karanta wa a intanet cewa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana zama tsakanin digiri 30 da 50 a ma'aunin Salshiyas in ba ta aiki, ta kai 60 zuwa 80 in ana wasa. Gaskiya ne. Amma masu wannan awon yawanci a Turai da Amurka suke, cikin ɗakin da bai wuce digiri 25 ba. Mu nan Maiduguri, daga Maris zuwa Mayu rana kan haura 40, balle ɗakin kwano marar silin da azahar. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take hura wa injin. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi furosesa za ta ƙara. Saboda haka wasan da ya tsaya wa wani a 70, kai naka zai doshi 85, ba don an sayar maka da jabu ba.

Yawancin furosesar Intel iyakarta 100 ne, ta AMD Ryzen kuwa 90 ko 95, gwargwadon samfuri. Da ta isa wurin sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, shi ne za ku ga hoto yana tsinkewa. In abin ya faskara ta mutu ɗif. Ku sauke manhajar HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne, ku daina auna zafi da tafin hannu. A ganina, duk injin da ke kwana a sama da 90 yana neman agaji.

Babban abokin gaba ƙura ce. Hazon hunturu da ƙurar hanyar Dikwa suna toshe haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafi har su zama kamar bargo, kuma ba mai lulluɓa da bargo a bazara. Ku kashe injin, ku cire waya, ku fita da shi waje ku busa da bulowa, kuna riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi juyin da zai lalata ta. Kada ku bari hunturu ya fita ba ku yi haka ba. Akwatin kwamfuta a ɗaga shi daga ƙasa, a matsar da shi daga bango. Fankokin gaba su jawo iska, na baya da na sama su fitar.

Masu laftof, musamman 'yar gwanjo, ku ne kuka fi ba ni tausayi. Ƙofofin iskarta a ƙasa suke, ku kuma sai ku ɗora ta a katifa ko darduma. A sa ta kan tebur, a ɗan tokare bayanta. Man nan mai launin toka da ke tsakanin furosesa da ƙarfenta yana bushewa bayan shekara 2 ko 3. Mai gyara zai goge tsohon ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Man goge baki ba madadinsa ba ne, ko wa ya faɗa muku. Ƙanƙara ma ku nisanta ta da injin, raɓar da take haifarwa ta fi zafin ɓarna.

Sannan a rage kwaɗayi. In allonka hoto 60 yake nunawa a daƙiƙa, ka tsayar da wasan a 60, ka sauke kyan hoto kaɗan. Injin zai huta, batirin sola ma zai kai ka dare.

Don Allah, a watan Afrilu ku bar wasan sai bayan isha'i. Allah Ya yi muku albarka.