Ana Ta Shan Maganin Taifot, Alhali Damuwa Ce Ke Cin Jiki

Akwai ƙorafin da duk ma'aikacin lafiya a birnin Katsina ya haddace. Magidanci ne ɗan shekara 40 da ɗoriya, ko matar aure mai 'ya'ya biyar ko shida. Kai na sarawa, musamman ƙeya. Wuya ya riƙe. Gaba na faɗuwa ba gaira ba dalili. An kwanta da gajiya, an tashi da wadda ta fi ta. Wani ya ce abu yake ji yana yawo a jikinsa, wata ta ce zafi take ji a tsakiyar kanta. Kafin su zo asibiti an riga an sha maganin maleriya, an sha na taifot, an yi ƙarin ruwa a bayan kantar mai kemis, an ji dama-dama na ɗan lokaci, abu ya dawo sabo.

Tambayar da ba kasafai ake yi musu ba ita ce: me ke hana ka barci? Duk wanda ya zauna da mutanen Ƙofar Durɓi da maƙwabtanta, Ƙofar Marusa da Ƙofar Sauri, ya san amsoshin. Mai keke napep yana da balas ɗin da zai kai wa mai keke kowace yamma, ga shi litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ɗan kasuwar da ke sarin kaya ta hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya ga an rufe iyaka a 2019, an sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, jarinsa ya narke yana kallo. Wani kuma gidansa mai ɗaki uku ya wayi gari da 'yan'uwan da suka gudo daga ƙauyukan Batsari ko Safana, bakunan ci sun ninka, albashi na nan inda yake, kuma ana jira ya kawo nasa kason a karo-karon kuɗin fansar wani ɗan'uwa. Wannan ba taifot ba ne. Gwajin Widal da ake yawan dogara da shi yana iya nuna alama a jinin wanda ya taɓa yin ciwon tuntuni ya warke, shi ya sa mutum ɗaya zai yi ta shan maganin cutar da ba ita ke damunsa ba.

Ga abin da ke faruwa a cikin jiki. Idan mutum ya hangi haɗari, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo zuwa wasu ƙananan halittu guda biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadarin adirenalin da na kotisol. Nan take zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, hanta ta zuba suga a cikin jini, naman wuya da kafaɗa su ɗaure, aikin narkar da abinci ya dakata. Wannan baiwa ce daga Allah: ita ke sa ka daka tsalle ka kauce wa motar da ta ƙwace a shataletale kafin ma ka yi tunani. An tsara ta ne ta yi aiki na mintoci, ta lafa. To amma jiki ba ya bambance motar da ta ƙwace da mai bin bashi da zai zo gobe. Idan fargabar ta zama ta kullum, sai mutum ya koma kamar babur ɗin da aka murɗa wa totur aka bar shi a tsaye yana ihu: ba ya zuwa ko'ina, amma mai na ƙonewa, inji na cinyewa. Wani likita mai suna Hans Selye ne ya fara bayyana wannan a rubuce a 1936, bayan ya ga irin lahanin da matsi mai tsawo ke yi wa cikin dabbobin gwaji. Mu kuwa mun daɗe da sanin labarin Annabi Yaƙub, alaihis salam, wanda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf ya taɓa masa idanu.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne jini da zuciya. Babban binciken nan na INTERHEART da aka wallafa a 2004, wanda ya shafi ƙasashe 52, ya sanya matsin rai a gida da wurin aiki da na kuɗi cikin manyan abubuwan da ke tare da bugun zuciya, a jere ɗaya da taba sigari da hawan jini da ciwon suga. Hawan jini kuma ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru da shi yana ganin garau yake, sai ranar da ya tashi alwalar asuba buta ta suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace. A unguwa sai a ce iska ce ta buge shi a banɗaki. Mai ciwon suga shi ma yakan ga awonsa ya ƙi sauka duk da yana kiyaye abinci, saboda kotisol na ta tura suga cikin jini.

Batun olsa yana buƙatar gyara kaɗan. Mutane na cewa tunani ne ke kawo gyambon ciki. Mafi yawan gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, ita ce H. pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka samu kyautar Nobel a 2005 saboda gano aikinta. Sai kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen. Damuwa tana tsananta zafin ciki, amma wanda aka tabbatar yana da ƙwayar, magani ne na kwanaki zai sha ya rabu da ita. Sauran illolin a gurguje: yawan mura, rikicewar al'ada ga mata, raguwar sha'awa ga ma'aurata, mantuwa, da saurin fushi wanda yara da matar gida ne ke kwasar kashinsa.

Kafin in faɗi abin yi, ga abin bari. Haɗin maganin gajiya da masu talla ke ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, sau da yawa akwai maganin ciwon jiki a ciki tare da dexamethasone, wanda shi kansa ɗan'uwan kotisol ne. Wato mutum na ƙara wa jikinsa abin da ya riga ya yi masa yawa: jini ya hau, suga ya hau, ciki ya ƙwarzabu, ƙoda ta wahala. Ƙwayar barci irin su baliyam da ake saya ba da takardar likita ba, makonni kaɗan suka isa jiki ya saba da ita. Tiramol kuwa da ruwan kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a Mayun 2018, da yawa daga cikin waɗanda suka faɗa musu ba don iskanci suka fara ba, neman sauƙin gajiya da mantuwar ɓacin rai ne, kuma har da matan aure a cikin ɗakunansu. Rahoton 2018 na binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi iri-iri a cikin shekara guda.

Matakin farko mai araha ne: a auna jini. A zauna minti 5 tukuna, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba a ci goro ko an sha Nescafé a rabin awar da ta wuce ba. A maimaita a wata rana daban, a rubuta a takarda. Idan yana kai 140 bisa 90 ko sama, a tafi da takardar wurin likita, a nemi a duba suga ma. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Sauƙin aikin maganin ne.

Na biyu shi ne barci, kuma a nan nake son in daɗe, don shi ne aka fi rainawa. Baligi na buƙatar awa 7 ko fiye. A lissafa: wanda zai tashi asuba, in ya kai ƙarfe ɗaya a teburin mai shayi, awa nawa ya rage masa? Shayi mai kauri, goro, da lemukan ƙarin kuzari da matasa ke sha duk suna ɗauke da kafin, kuma rabinsa na nan a jini bayan kimanin awa 5. Don haka daga la'asar a sallame su. Sai waya. Mutumin da ya kwanta yana kallon bidiyon gawarwaki da ake turowa a zaurukan WhatsApp, ko muryar wanda aka sace yana roƙon 'yan'uwa, ya kunna wa jikinsa ƙararrawar haɗari a daidai lokacin da ya kamata ta mutu. Sanin halin da ƙasa ke ciki wajibi ne, amma labaran rediyo na safe da na yamma sun wadatar. Kallon bidiyon sau goma bai taɓa kuɓutar da kowa ba. A kashe saukar bidiyo ta kai tsaye, a ajiye wayar nesa da shimfiɗa. In an kwanta barci ya ƙi zuwa, kada a yi ta juyi: a tashi, a yi alwala, a yi nafila ko lazimi cikin duhu-duhu, a koma in ido ya yi nauyi. Ƙailular rana tana da amfani, amma kada ta wuce rabin awa.

Ga wata dabara da ba ta cin ko sisi. Idan gaba ya fara faɗuwa, a zauna, a ɗora hannu a ciki, a ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu har cikin ya taso, a sake shi a hankali ana ƙirga shida. A yi haka na minti 5. Fitar da numfashi a hankali yana taɓa jijiyar da ke rage gudun zuciya. Mai keke zai iya yi yana jiran fasinja, uwargida za ta iya yi tana jiran tukunya ta tafasa. Salla da aka yi da natsuwa, ba irin ta a ƙwanƙwasa goshi a tashi ba, tana ba da irin wannan hutun sau biyar a rana.

Motsa jiki kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Ba sai an je filin wasa na Karkanda ba. Tafiya mai ɗan sauri bayan sallar asuba, daga Ƙofar Durɓi a nufi Ƙofar Soro a kewayo, ta isa, kafin rana ta buɗe da ƙurar ababen hawa. Maigida ya bar iyalinsa su taka da ƙafa zuwa Islamiyya ko gidan 'yan'uwa, don zaman ɗaki da tunani su ne ke cin mata. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafi.

Duk waɗannan suna rage raɗaɗi ne. Tushen yana nan. Mafi yawan abin da ke hana magidanci barci kuɗi ne, kuma bashin da ke yawo a ka cikin dare ya fi wanda aka rubuta a takarda girma. A samu biro, a jera su: na wane, nawa, yaushe. A ware wanda za a iya taɓawa a wannan mako. A je wa mai bashi kafin ya zo, a ce masa, Alhaji, ga abin da ya samu, ga ranar da zan cika. Kunyar minti goma ce, ta fi wata guda ana canza hanya. Sannan a duba nauyin da mu muka ɗora wa kanmu: kayan ɗaki na gasa, anko kala uku, gara, dina. Uwa ta shiga adashi biyu ta ci bashi na uku don kada dangin miji su yi magana, biki ya watse a kwana uku, ita kuma ta shekara biyu tana shan maganin hawan jini. A ganina wannan ba mutunci ba ne, kuma malamai da masu unguwanni suna da bakin da za su sa a rage.

An tarbiyyantar da mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji ba ya kuka, mace ta yi haƙuri. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma ba ya nufin a rasa mutum ɗaya tak da za a buɗe wa ciki: amini, yaya, limamin unguwa, ko abokin zama. Wanda aka zo wa da irin wannan magana kuma, kada ya yi saurin cewa ai rashin tawakkali ne. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi shekarar da tarihi ke kira shekarar baƙin ciki, lokacin da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib. Ka saurara tukuna, Malam, nasiha ta biyo baya.

Akwai inda shawarar jarida ke ƙarewa, asibiti ya karɓa. Ciwon ƙirji mai danna mutum yana sauka hannu ko muƙamuƙi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar harshe: a tafi Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a wannan sa'ar, addu'a a yi ta a hanya. Mai ciki da ke fama da ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska ko dishi-dishin gani, kada a ce tunani ne. A kai ta awo nan take, a asibiti mafi kusa. Sai wanda ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ba ya jin daɗin komai, ya daina cin abinci ko fita sana'a. Da mai jegon da ke kuka ba dalili tana ƙin jaririnta. Da ɗan gudun hijirar da ke zabura in ya ji ƙarar babura, yana mafarkin abin da ya gani. Da duk wanda ya fara cewa gara ma ya mutu ya huta. Wannan na ƙarshe kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera daga inda yake, a kai shi ga likita a ranar. Likitan ƙwaƙwalwa ba na masu yawo a bola ba ne kawai, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba marar lafiya haƙƙin a riƙe sirrinsa. Magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsu, don haka kada a watsar da su a kwana biyar a ce ba sa yi. In za a je, a tafi da duk ledojin magungunan da ake sha, har da na gargajiya, likita ya gani da idonsa.