Wayar Hannu da Motoci a Hanyar Argungu

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, sha'anin sufuri ya sake. A da, in mota ta lalace tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, sai direba ya kwana a daji, kifin da ya ɗauko kuwa ya ruɓe. Yanzu yakan kira makaniki, in haɗari ne ya buga 122, watau lambar jami'an kiyaye haɗurra.

Amma akwai ƙauyukan fadama inda waya ba ta kamawa, can kuwa ambaliya ta fi yanke hanya, kamar yadda aka gani a 2020. Saboda haka lalle kowane hakimi ya sa magatakardansa ya rubuta sunayensu, a aika wa majalisar sarki kafin damina.