Amsoshin Tambayoyinku: Kalsiyam da Sankarar Kaluluwa

Wata mai sauraronmu daga Funtuwa ta ce mahaifinta na fama da sankarar kaluluwa, wato limfoma, yanzu kuma likita ya ce kalsiyam ya yi masa yawa a jini. Me ya haɗa su?

Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan sankara kan sa jiki ya sarrafa bitamin D fiye da kima, sai hanji ya yi ta zuƙar kalsiyam daga abinci. Wani lokaci kuma daga ƙashi kalsiyam ɗin ke kwararowa cikin jini.

Ki lura da alamomin yawan kalsiyam: ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida, da kasala. In Baba ya fara ruɗewa ko yawan barci, kada a kwana, a kai shi asibiti, domin ƙoda na iya taɓuwa. Za a yi masa ƙarin ruwa, a ba shi magani. Kada ya sha ƙwayar kalsiyam ko bitamin D sai da izinin likita.