Zaure, Rariya da Hurumi: Darasi a Kan Tsarin Gari

Ya kai ɗalibi mai karatu, darasinmu na wannan fitowa a kan gari ne: yadda ake yanka shi, inda ake barin hanya, inda ake kafa ƙofa, da abin da ake bari fili ba a gina ba. Wataƙila ka ce wannan ai aikin magina ne da ma'aikatan safiyo, me ya haɗa shi da ɗan Islamiyya? To, ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ka wuce babin tsarki da na salla, ka je can wajen ƙarshe, babin hukunce-hukunce da shaidu. Za ka tarar malam yana maganar taga da ƙofa da katanga da ruwan rijiya. Abin da ke faruwa shi ne da yawanmu muna barin makaranta tun karatu bai kai can ba. Sai mutum ya girma, ya sayi fili, ya yi gini, bai taɓa jin cewa akwai hukunci a kan inda zai juya indararonsa ba.

Garuruwan da malamai suka yanka

Ka sani, ƙasar nan da muke zaune a kanta ta ga kafa gari da idonta. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa ya zo ya zauna a Sifawa wajen 1810, yana karantarwa yana wallafa littattafai, har 1815 da ya koma Sakkwato, inda Allah ya yi masa rasuwa a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, dab da Sifawa, kafin ya tare a Gwandu. Wato dai Boɗinga da Sifawa sun tashi ne a hannun mutanen da suka san fiƙihu, kuma suka rubuta a kan wannan mas'ala.

Malam Abdullahi yana da littafi mai suna Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, da abin da ba ya halatta kowa ya mallake shi kaɗai. Sarkin Musulmi Bello kuma, a cikin Usulus Siyasa, ya lissafa wa shugaba gyaran hanyoyi da kasuwanni da gina ganuwa, da raba masu sana'a a garuruwa, a cikin ayyukan da ke wuyansa. Ya kuma kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, inda ya rasu a 1837, ya zaunar da mutane a cikinsu da masallaci da makaranta da gonaki.

Su ma ba daga kansu suka faro ba. Manzon Allah (SAW) da ya isa Madina, masallaci ya fara ginawa, daga baya ya ware wa Musulmi filin kasuwa. A zamanin Sayyidina Umar, da aka zo yanka garin Kufa a Iraƙi a shekara ta 17 bayan Hijira, masallaci aka fara aunawa. Sannan aka sa wani gwanin harbi ya tsaya a tsakiya ya harba kibiya kowace nahiya, aka ce kada kowa ya yi gini sai bayan inda kibiyar ta faɗi. Manyan hanyoyi aka ba su kamu 40, lunguna kamu 7. Lura da jerin: sai da aka fitar da rabon jama'a, sannan aka ba kowa nasa.

Zaure

Fara da gidanku. A ginin gargajiya, mai shigowa zaure yake fara samu. Ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna, saboda haka wanda ke tsaye a bakin hanya ba ya hango tsakar gida. Da ɗaki ɗaya an biya buƙata biyu: an suturta iyali, an kuma karɓi baƙo. A zaure ake cin tuwon dare da maƙwabta, a nan ake sasanta rigima, a nan maɗinki da baduku ke aiki, matafiyi kuma ya kwana. Ilimin ƙasar nan mai zurfi ma a nan aka yi shi, shi ya sa har gobe ake cewa makarantar zaure. Ga kuma dakali a ƙofar gida, inda dattijo zai zauna da la'asar. Yaron da ya yi ɓarna a rariya, kafin ya isa gida mutum uku sun tsawata masa, kuma ubansa godiya zai yi.

Yanzu dubi sababbin gidajen da ake yi a gefen gari, musamman ta bakin kwalta. Katangar bulo doguwa, an kafa mata fasassun kwalabe, sai ƙofar ƙarfe ta shigar mota. Wanda ya zo gaisuwa zai tsaya a rana yana bugun ƙarfe, ko ya kira waya. Idan ya yi haka sau biyu, na uku ba zai zo ba. Ba na cewa masu gidajen marowata ne. Tsoron ɓarayi gaskiya ne, kuma kowa ya ga halin da ake ciki. Sai dai gini yana koya wa mai shi hali a hankali, kamar yadda takalmi ke sauya tafiyar mai shi. Gidan da ba shi da wurin zaman baƙo, wata rana zai wayi gari ba ya yin baƙi.

Rariya

Hanyar cikin gari, wadda mu a nan muke kira rariya, ta kowa ce. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa idan aka yi jayayya a kan faɗin hanya, a mayar da ita kamu 7, wato kusan mita uku da rabi. Wannan awo ya dace da zamanin da raƙumi da kayansa ne mafi girman abin da ke wucewa. Malamai sun yi bayani cewa abin lura shi ne buƙatar masu wucewa, don haka unguwar da motar ɗaukar mara lafiya ko ta kashe gobara za ta shiga tana buƙatar fiye da haka.

Amma me muke gani? Mai gini ya ci kamu ɗaya ya ce ai ba komai. Na kusa da shi ya ga haka ya ci biyu, ya ƙara da ramin masai a waje. Bayan shekara goma makara ba ta iya juyawa a lungun. Wallahi wannan ƙwace ne, kuma ya fi ƙwacen gonar mutum ɗaya wuyar warwarewa, domin masu haƙƙin ba su ƙidayuwa, wasu ma ba a haife su ba tukuna. Wa za ka je ka roƙa gafara?

Ka'idar da ke riƙe da babin duka ita ce hana cuta da ramuwar cuta, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Daga ita Risala ta fitar da misalai: ba a buɗe tagar da za a riƙa leƙen maƙwabci ta cikinta, ba a kafa ƙofa daidai saitin tasa, ba a haƙa ramin da zai cutar da shi ko da a cikin filinka ne. An kuma so ka bar shi ya ɗora azararsa a kan katangarka. Yau sai a ƙara da mai bene da ke kallon tsakar gidan mutane, da mai injin niƙa ko janareto a jikin ɗakin kwanan wani.

Hurumi

A nan nake so ka tsaya da kyau, don shi ne abin da ya fi saurin ɓacewa. Kalmar hurumi daga Larabci muka aro ta, wato harim, kuma ma'anarta filin da ke kewaye da wani abu, wanda amfanin abin ba ya cika sai da shi. A Muhtasar na Shehu Halil an nuna cewa gari yana da huruminsa, wato inda mutanensa ke yin itace da kiwo, su je su dawo a yini ɗaya. Rijiya tana da nata, gwargwadon abin da ba zai ƙuntata wa masu ɗiba ba, ba kuma zai ɓata ruwan ba. Itaciya tana da nata. Gida ma yana da nasa, inda ake zuba ƙasa da inda ruwan indararo ke sauka. Akwai kuma abin da ake kira hima, filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a, kamar yadda Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza.

Kakanninmu sun aikata wannan ko da wasunsu ba su karanta shi ba. Sun bar makiyaya, sun bar burtali tsakanin gonaki don shanu su wuce zuwa mashaya, sun bar filin idi da maƙabarta da dandali. A gona ba a sare gawo, saboda an san halinsa: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya yi inuwa ya ba dabbobi 'ya'ya. Kuka da tsamiya da ɗorawa kowace da aikinta a tukunya. Ko kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa, shi ke shanye ruwan unguwa idan an yi mamako.

To, hurumi ba shi da mai tsaya masa, shi ya sa shi ake fara ci. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Duk da haka burtali da yawa sun zama gona, gona ta zama fuloti. Idan aka toshe burtali, saniya ba ta da fiffike, cikin shuka za ta bi, daga nan sai sanda, daga sanda sai abin da ba a fata. Idan aka cike kududdufi aka yi gini, ruwa bai san takardar fili ba, ɗakin wani zai shiga. Idan aka sare itatuwa aka rufa kwano, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a ƙasar Sakkwato, sai ɗaki ya gagari kwana. Dogon yaron nan da muke fakewa a ƙarƙashinsa, asalinsa daga ƙasar Indiya aka kawo shi, kuma da hannu wasu suka dasa, suka yi ta ban ruwa, ba su sha inuwarsa ba. Jiharmu tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa na Tarayyar Afirka, wanda aka amince da shi a 2007, ya shafa a Nijeriya. Amma itacen da zai rayu shi ne wanda ke da mai shi a ƙofar gida.

Kada ka ɗauka duk abin da yake na da shi ne daidai. Ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, in an yi sakaci ya faɗa wa mutane. Kududdufi gidan sauro ne, yara kuma na nutsewa a ciki. Bulo da siminti ni'ima ne. Abin da ake cewa shi ne, in za ka cike kududdufi, fara haƙa wa ruwa hanyarsa.

Gidajen Shagari

Misali na ƙarshe daga maƙwabtanmu yake. Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa, an haife shi a garin Shagari a 1925, ya yi shugabancin ƙasa daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2018 aka rufe shi a garinsu. Gwamnatinsa ta ɗauki aniyar gina gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha, don masu ƙaramin ƙarfi. Niyya ce kyakkyawa, kuma har yau akwai unguwanni a birane da dama da ake kira da sunansa, mutane na zaune a ciki. Sai dai ba a kai ga adadin da aka nufa ba, kuma masana gine-gine sun yi wa shirin gyara biyu. Na farko, kusan zane ɗaya aka yi wa ƙasa duka, na Legas shi ne na Sakkwato. Na biyu, a wurare da yawa an kai gidajen nesa da gari, ba kasuwa ba makaranta, har wasu suka daɗe ba kowa a ciki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da mazauna suka yi da suka tare a nan Arewa. Suka ja katanga don a sami tsakar gida, suka ƙara ɗakuna, suka haɗa kuɗi suka gina masallaci, mai shayi ya kafa teburinsa, aka dasa dogon yaro. Abin da mai zane ya manta, jama'a suka mayar da shi da aljihunsu. Da an tambaye su tun farko, da kuɗin bai kai haka ba.

Aikin gida

Kafin fitowa ta gaba, kowane ɗalibi ya auna faɗin rariyar ƙofar gidansu da kamunsa, a wuri mafi faɗi da wuri mafi ƙunci, ya rubuta. Ya ƙidaya itatuwan da ke tsakanin gidansu da masallaci, da sunan kowace. Sannan ya sami dattijo ko tsohuwa a unguwa, ya gaishe su da ladabi, ya tambaye su inda burtali da dandali da rijiyar unguwa suke a lokacin ƙuruciyarsu, da abin da ke wurin yanzu. Kada a rubuta sunan wanda ya yi gini a wurin, ba ƙara muke haɗawa ba. A kawo amsa da ajami ko da boko, a miƙa wa malamin aji ranar Asabar.