Darasi: Ambaliyar Rima da Yadda Muke Gardama a Kanta

Tun daga daminar 2020, sa'ad da ruwa ya cinye gonakin shinkafa daga Argungu har Birnin Kebbi, akwai wata gardama da ta ƙi mutuwa a tsakaninmu. Muna jin ta a kasuwa, a majalisar dare ta unguwar Nasarawa, har a bakin ƙofar majami'a bayan an tashi daga Misa. Wani ya ce sauyin yanayi ne. Wani ya ce ƙarya ne, madatsar ruwa aka buɗe. Na uku ya ɗora laifin a kan gwamnati, na huɗu kuwa, da yake jam'iyyarsa ce ke mulki, ya ce hassadar 'yan adawa ce. Kafin a ankara an bar zancen ruwa, an koma zagin iyaye.

Bari mu duba maganar kowa a tsanake.

Mai cewa yanayi ya sauya yana da gaskiya. Hayaƙin kwal da man fetur da gas da duniya take ƙonawa ya sa iskar sama ta ƙara ɗumi, iska mai ɗumi kuwa tana ɗaukar tururin ruwa fiye da mai sanyi, wajen kashi 7 cikin ɗari ga kowane digiri ɗaya. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Daga baya ruwa ya dawo, amma ya dawo da wani hali dabam: abin da a dā yake sauka sannu a hankali, yanzu yakan zubo a dare ɗaya, ƙasa ba ta iya shanye shi.

Mai zancen madatsa shi ma bai yi ƙarya ba. An gama Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, Goronyo kuma a kan Rima ta biyo baya. Kafin zuwansu manomin fadama ya san lokacin da ruwa zai hau da lokacin da zai janye, ya kuma shuka irin shinkafar da take tashi tare da ruwa. Madatsun sun birkita wannan lissafi. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin Goronyo, ƙauyuka da yawa suka nutse. Sai dai in tafki ya cika maƙil, ma'aikatan ba su da zaɓi: ko su saki ruwa, ko bango ya fashe. Tambayar da ta cancanci a yi ita ce ko an gargaɗi mutanen kwari da wuri. Ga kuma namu hannun a ciki, wanda ba mu cika son ambatonsa ba: itatuwan da muka sare don icen girki, yashin da ya cike cikin kogi saboda haka, da gidajen da muka gina a kan hanyar ruwa.

Ashe ke nan mutum huɗun nan jaki ɗaya suke kora, kowa daga nasa gefe. Abin da ya raba su siyasa ce. Mun ga inda wannan hanya take kai mutane. A Amurka maganar yanayi ta zama tutar jam'iyya, har ƙasar ta fita daga yarjejeniyar Faris ta 2015, ta koma a 2021, a 2025 kuma aka sake ba da umarnin fita. Su masu arziki ne, suna da abin jure wa irin wannan kai-komo. Mu fa? Manomin da ya ci bashin shirin noman shinkafa da aka ƙaddamar a nan Birnin Kebbi a 2015, in gonarsa ta nutse, bashin ba ya nutsewa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. In muka saba da ɗaukar kowace sanarwa a matsayin farfagandar wata jam'iyya, ranar da gargaɗin gaskiya zai zo ba wanda zai kwashe buhunansa ko ya hau da iyalinsa tudu. Wanda ka zaga jiya kuwa, da wuya ya ƙwanƙwasa ƙofarka da tsakar dare ya ce ruwa na tafe.

Marigayi Paparoma Francis ya rubuta wasiƙarsa ta Laudato Si' a 2015 a kan wannan batu, bai kuwa rubuta wa Katolika kaɗai ba, ya rubuta wa dukan mazauna duniya, yana neman a zauna a tattauna. Mu da muke noma kafaɗa da kafaɗa da maƙwabtanmu Musulmi mun san amfanin haka.

Ƙasar nan ma tana da nata misali. Kabawa da Sakkwatawa sun shafe kusan shekara ɗari suna gaba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi babban su a Matan Fada don girmama shi, daga nan bikin da duniya ta sani ya samo asali. Waɗancan jini ne a tsakaninsu, duk da haka suka tsaya a gaɓa ɗaya. Namu saɓanin bai kai ko kusa ba.

A taron ƙaramar ƙungiyarku na wannan mako, kowa ya gwada faɗin ra'ayin abokin gardamarsa yadda shi mai ra'ayin zai ce, haka ne, ka faɗa daidai. Bayan haka ku rubuta sunayen tsofaffi da gwauraye da suke zaune kusa da fadama, ku raba wanda zai je wurin wa in ruwa ya taso.